Wai Ciki Yana Cinye Ƙwaƙwalwar Mace?

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi sunan 'yar ƙanwata a nan Makka, can wajen Shara Mansur. Gidan ɗaki biyu ne da falo, labule kawai ya raba mu da maza, duk abin da suka faɗa a kunnenmu yake sauka. Ana cikin zuba gahawa sai mai jego ta nemi katin rigakafin jaririya ta rasa. Aka ɗaga katifa, aka zazzage jaka, can sai ga shi a cikin firij, kusa da robar laban. Muka yi dariya, ita ma ta yi.

Sai muryar Alhaji, wan mijinta, ta ratso labule: "Ai ba laifinta ba ne. Turawa ma sun gano ciki yana cinye ƙwaƙwalwar mace. Kowace haihuwa da abin da take tafiya da shi. Ga bidiyon nan a wayata." Wani ya ce, "To, wadda ta haifi takwas fa?" Maza suka kece da dariya.

Mu kuwa muka yi tsit. Na saci kallon Goggo, wadda ta haifi tara, wadda kuma har gobe ita ke riƙe da lissafin adashen mata sama da talatin a ka, ba biro ba takarda. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da cire ƙwallon dabino.

Ban tanka ba, don ba a gyara wa suruki zance a gaban baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a maƙoshi. Na yi karatun jinya a Kano kafin aure ya kawo ni ƙasar nan, kuma binciken da yake nufi na san shi. Binciken gaskiya ne, fassarar Alhaji ce ta karkace. Ciki yana sauya ginin ƙwaƙwalwa, sauyin da har na'ura ke gani, amma bai rage wa mace hankali ba. Kuma abin da ya dace wannan ilimi ya haifar a cikinmu shi ne ƙarin kula da mai jego, musamman mu da muke zaune nesa da gida. Mu sai muka mai da shi abin nishaɗin falo.

Masinjojin da ke yawo a jini

Jikin ɗan'adam yana ƙera wasu sinadarai da ake kira homon. Masinjoji ne, a ƙera su nan, jini ya ɗauke su ya kai saƙo can. Akwai wani dangi a cikinsu mai suna sitiroyid, kuma duk daga tushe ɗaya ake ƙera su, wato kolastirol, kitsen nan da likita ke tsoratar da mu da shi. A dangin akwai istirojin da furojestiron, waɗanda akasari ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa. Akwai testostiron, wanda akasari daga marainan namiji yake. Akwai kuma kotizol, wanda wasu 'yan ƙululai biyu da ke saman ƙoda ke saki idan hankali ya tashi. Da gangan na ce akasari, domin namiji yana da istirojin, mace ma tana da testostiron. Yawa ne ya bambanta.

Ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke tace abin da jini ya kawo mata. Su waɗannan, da yake dangin maiƙo ne, wucewa suke yi kamar 'yan gida. In sun shiga akwai mazaunin da aka tanadar musu a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, daga nan suke ba da umarni, wannan reshe ya tofo, wancan ya janye.

A 1968 Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka ya gano irin wannan mazauni na homon ɗin tashin hankali a wani sashe mai suna hifokamfus, wanda ke da hannu wajen riƙe sabon abin da mutum ya koya. A farkon shekarun 1990 ɗalibarsa Catherine Woolley ta ƙirga 'yan tsiron da ƙwayoyin wannan sashe ke gaisawa da juna ta kansu, a jikin matan ɓeraye. Ta tarar adadinsu yana hawa yana sauka da kusan kashi 30 cikin 100 cikin kwana huɗu zuwa biyar, yana bin sawun istirojin.

Wanda na fi so shi ne labarin kanari. Duk wanda ya taɓa kiwonsa ya san namijin ne mai waƙa. Fernando Nottebohm, shi ma a Rockefeller, ya nuna cewa cibiyoyin waƙa a ƙwaƙwalwar namijin kanari suna girma a lokacin neman mace, sa'ad da testostiron ya hau, in lokacin ya wuce su motse. Da aka ba macen testostiron, cibiyoyinta suka girma, ta kama waƙa. Ban taɓa jin mai kanari ya ce tsuntsunsa ya zama dolo don ƙwaƙwalwarsa ta motse bayan damina ba.

Abin da aka gani a Basalona

Bidiyon Alhaji daga nan ya samo asali. A ƙarshen 2016 Elseline Hoekzema da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a Basalona ta Sifaniya. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 da na'urar MRI kafin su ɗauki cikin fari, suka sake ɗauka bayan sun haihu. Ɓawon ƙwaƙwalwa mai ruwan toka ya ragu a wasu wurare, kuma bayan shekara biyu bai koma yadda yake ba. Sauyin ya fito fili har kwamfuta na iya ware wadda ta yi ciki daga wadda ba ta yi ba ta hoto kawai.

Nan bidiyon ya tsaya. Ga abin da ya yanke. Wuraren da suka ragu ba barkatai suke ba, su ne waɗanda mutum ke aiki da su wajen karanta fuskar wani da gane abin da ke ransa. Su ne kuma suka fi motsawa a na'ura da aka nuna wa matan hoton jariransu. Wadda sauyin ya fi yawa a gare ta, ita ta fi nuna shaƙuwa da ɗanta a gwajin da aka yi. Gwajin riƙe abu a ka kuma bai nuna sun koma baya ba.

A 2024 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi kan wata masaniyar ƙwaƙwalwa a Kalifoniya, Liz Chrastil, wadda ta miƙa kanta aka yi mata hoto sau 26, tun kafin ta ɗauki ciki har shekara biyu bayan haihuwa. Ɓangare mai ruwan toka ya yi ta raguwa yayin da homon ɗin ciki ke hawa, kimanin kashi 4 cikin 100 a wuraren da abin ya shafa. A daidai lokacin kuma farin ɓangaren, wato wayoyin da ke haɗa sashe da sashe, ya ƙara inganci har tsakiyar cikin, daga baya ya koma yadda yake. Matar tana nan tana koyarwa a jami'a.

"Raguwa ai raguwa ce"

Wannan ce hujjar farko da za a kawo mini. Ka kai wa tela shadda yadi goma. In ya gama, ka auna abin da ya dawo maka da shi, bai kai yadi goma ba, ga ƙyallaye nan a ƙasan keke. Ka yi asara? A da ƙunshin yadi kake da shi, yanzu riga kake sanye da ita.

Haka ƙwaƙwalwa ke yi, kuma ba a ciki ta fara ba. Duk yaron da ya shiga balaga, mace ko namiji, ɓawon ƙwaƙwalwarsa mai ruwan toka siranta yake yi shekara bayan shekara, a daidai lokacin da homon ɗin balaga suka taso. Ana datse hanyoyin da ba a bi, ana ƙarfafa waɗanda ake bi. Da girman wannan ɓawo ne hankali, da ɗan shekara takwas ya fi ubansa. Masu binciken Basalona da wannan suka kwatanta abin da suka gani.

In ma aka koma batun girman kai, gaskiya ne ƙwaƙwalwar namiji ta fi ta mace girma da kusan kashi 10 cikin 100 a tsaka-tsaki, kamar yadda zuciyarsa da huhunsa da takalminsa suka fi girma. Ta Albert Einstein da aka auna bayan mutuwarsa a 1955, giram 1,230 ce, ba ta kai tsaka-tsakin ta maza ba.

To, katin da ke firij fa?

Ba zan yi musu ba, mantuwar masu ciki akwai ta. A 2018 masana a Ostareliya suka tattara bincike 20 suka duba. Sun tarar masu ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, suna ɗan yin ƙasa a gwajin tunawa in aka haɗa su da waɗanda ba su da ciki. Amma bambancin ƙarami ne, bai fitar da su daga sahun masu lafiya ba. Irin wanda mace da kanta ko na kusa da ita ne kawai za su lura.

Sannan a tambayi kai, ƙanwata barcin awa nawa ta yi a jere cikin makon nan? A ɗauki Alhaji, a riƙa tashinsa duk bayan awa biyu har kwana bakwai, ga ɗinki a jiki, ga jini da ya zuba, ranar ta takwas a ce ya kawo makullin mota. Ita wadda ta sa kati a firij, ita ce ke jin motsin jaririya daga bayan ƙofa biyu alhali na'urar sanyaya ɗaki tana ruri, kuma tun rana ta biyar take bambance kukan yunwa da na ciwon ciki.

Abin da ya ci Doma

Maza su daina dariya haka nan. A Cebu ta ƙasar Filifin an bi samari sama da 600 na tsawon shekaru, aka fitar da sakamakon a 2011. Waɗanda suka yi aure suka haihu, testostiron ɗinsu ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu da safe, kusan ɗaya cikin uku da yamma, kuma masu ɗaukar awanni suna rainon yaro su suka fi ƙasa. A 2022 aka duba sababbin ubanni a Sifaniya da Kalifoniya, aka ga su ma ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya ɗan ragu, ko da yake bai kai na iyaye mata ba. Wani ɓangare na aikin testostiron a ƙwaƙwalwar namiji ma sai an juya shi ya koma istirojin a can ciki kafin ya yi.

Sai kotizol, wanda bai san mace ko namiji ba. Akwai ciwon da ake kira Cushing, inda jiki ke zubo kotizol fiye da kima. Monica Starkman ta Jami'ar Michigan ta auna masu ciwon a shekarun 1990, ta ga hifokamfus ɗinsu ya motse, ga mantuwa. Da aka yi musu magani kotizol ya sauka, sashen ya fara cikowa, wasu har kashi 10 cikin 100. Wannan ita ce raguwar da ke da illa, kuma ba ta ciki ba ce. Duk wanda ya taɓa zama da igamar da ta mutu, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, yana jin ƙarar mota gabansa na faɗuwa, ya san wane homon ne abokin kwanansa.

Bari in ɗan ratse, tunda mata ne za su fi karanta wannan. Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake ɓoyowa a jaka daga gida, da yawansu dekisa ne, kwaikwayon kotizol da aka ƙera a masana'anta, kuma ya fi na jiki ƙarfi nesa ba kusa ba. Yawancin mayukan bilicin masu saurin aiki ma akwai danginsa a ciki. Kumatun da amarya ke murna da su, su ne kumatun mai ciwon Cushing. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke a rana ɗaya, wannan ma hatsari ne, ta je wa likita ya sauke ta a hankali. Wanda kuma likita ya rubuta wa don asma ko wani ciwo, ba da shi nake ba.

Akwai masu jawo hadisin da ya yi maganar hankalin mata su jingina shi da wannan bincike. Ni ba malama ba ce, na bar wa malamai fagensu, su suka san inda kowane nassi ya dosa. Abin da na sani shi ne na'urar MRI kauri da faɗi take aunawa, ba ta auna hankali. Kuma mu mazauna garin nan kullum muna ganin sarakuna da malamai da sojoji suna kai-kawo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa, suna bin sawun wata uwa da kukan jaririnta ya hana ta zama.

Inda gizo ke saƙar

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, muna dariya kan abin da ba ya cutarwa, mun kawar da kai daga wanda ke kisa.

Wata tara mabiyiya tana zubo istirojin da furojestiron ninkin-ba-ninkin, ƙwaƙwalwa ta saba. Ranar da aka haihu mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki abin ya rikito ƙasa. A cikin abin da ya tafi har da wani sinadari da jiki ke samarwa daga furojestiron, wanda aikinsa kwantar da ƙwaƙwalwa ne. Shi ya sa mata da yawa ke kuka ba dalili a rana ta uku ko ta huɗu, kuma yawanci kafin mako biyu ya wuce.

Wasu kuwa ba ya wuce musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. A shekarar 2000 aka yi wani gwaji a Amurka da mata 16. Aka ɗaga musu homon kamar masu ciki, sannan aka janye kwatsam kamar an haihu. Cikin takwas ɗin da suka taɓa yin damuwar jego, biyar alamun suka dawo musu. Cikin takwas ɗin da ba su taɓa yi ba, ko ɗaya. Homon iri ɗaya, awo ɗaya, ƙwaƙwalwar ce kowa da yadda tata ke ɗaukar faɗuwar. A 2023 Amurka ta amince da ƙwayar farko ta wannan ciwo, zuranolon, wadda ake sha kwana 14, kuma kwaikwayon wancan sinadari mai kwantarwa ce.

Mu me muke cewa idan mai jego ta daina cin abinci, ta ƙi ɗaukar ɗanta, tana kallon bango? Ko dai shafar aljanu, ko sammun kishiya, ko rashin godiyar Allah. Na san wata a unguwarmu da ta yi wata huɗu ana yi mata ruƙiyya dare da rana, ba wanda ya ce a kai ta mustashfa, wato asibiti, sai ranar da aka kama ta a kan bene da tsakar dare. Ban hana ruƙiyya ba, ni ma ina tofa wa 'ya'yana, ina ba su zamzam. Amma mai ciwon suga ana yi masa addu'a kuma ana ba shi allurarsa, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Mai jegon da ta fara ganin abin da babu, ko ta kwana biyu ba barci ba ta kuma jin barcin, ko ta ambaci kashe kanta ko ɗanta, ta asibiti ce a ranar, ba gobe ba. Wannan mai tsananin yana samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000. Lambar Ma'aikatar Lafiya ta nan, 937, ana ɗauka dare da rana.

"Iyayenmu ba su san homon ba, kuma sun haihu lafiya"

Sunan ne ba su sani ba. Wa ya ƙirƙiro wankan gida? Mace ta haihu, a mai da ita ɗakin uwarta, kwana arba'in ba ta daka ba ta girki, ga ƙauri, ga yaji, ga tsohuwa da ke karɓar jariri ta goya don uwar ta runtsa. Sun lura cewa wannan mace ba ta dawo daidai ba tukuna, suka kewaye ta da mutane.

Ba duk abin da ke cikin al'adar zan kare ba. A shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa mai yawa da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta. Kanwar a rage ta. Hutun da mutanen ne ba su da makwafi.

Su ne kuwa muka rasa a nan. Uwa tana Kano ko Damagaram, biza da tikiti sun fi ƙarfin aljihu. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ƙara hutun haihuwa zuwa mako 12 a 2025, amma wannan na masu aikin kamfani ne. 'Yar'uwarmu mai shagala, wato aikatau, a gidan Larabawa, ko mai sayar da abinci a bakin titi, in ta yi mako biyu a kwance wata ta maye gurbinta. Wadda takardunta ba su cika ba kuma, ko ƙofar asibiti tsoro take ba ta. Sai a haɗa mata faɗuwar homon, da rashin barci, da kotizol ɗin fargaba, a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, miji ya fita tun asuba. In ta durƙushe mu ce aljanu.

Wani zai ce, to shi ke nan, kowace ta yi rashin kunya sai ta ce homon ne? A'a. Mai azumi ma yunwa na sa shi saurin fushi, ba a kuma ɗauke masa alƙalami ba. Amma mai hankali ba ya zaɓar bayan la'asar ɗin Ramadan ya tayar masa da tsohuwar rigima.

Washegarin suna na koma gidan da kunun gyaɗa. Na tarar Goggo ta riga ni, ta zaunar da matan adashe ta raba musu kwanaki, kowace da darenta har a yi arba'in, wadda za ta kwana da jaririya a falo ta miƙa ta in lokacin nono ya yi. Duk a ka ta tsara shi, har da wadda mijinta ke aikin dare da wadda ba ta iya hawa bene. Ni Talata da Asabar ta ba ni.

Alhaji kuwa na tura masa saƙo ta wayar maigidana, cikin ladabi. Na ce, "Yaya, bidiyon nan rabi aka ba ka, ga sauran. Sannan tunda kai ke da mota, ranar da za a koma duba mai jego muna roƙon ka kai su." Alamar shuɗi biyu ta fito tun daren Asabar. Kan batun mota ya ce in sha Allah. Kan batun bidiyo har yanzu yana rubutawa yana gogewa.